Sada Wanzami da Akwatin Alhaji Maiwada

A Ƙarfi aka haifi Sada, a gidan wanzamai. Kakansa ya yi wanzanci, ubansa ya yi, shi ma tun kafin ya iya riƙe fartanya da kyau ya iya wasa aska. Da uban ya rasu gonar gado ta yi wa 'yan'uwa kaɗan, sai Sada ya bar wa ƙannensa babban ɓangaren, ya riƙe ɗan gefe guda inda yake shuka auduga duk damina, ya rataya zabirarsa ya tafi Funtua. Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo ke nan.

A gindin wata darbejiya kusa da tashar mota ya fara shimfiɗa tabarma. Hannunsa da laushi, askarsa ba ta cizo, don haka direbobi da 'yan kamasho suka saba da shi. A hankali ya kama ɗan shago, ya sayi kujera da babban madubi da kilifar hannu, ya auri Ladidi, ɗiyar wani mahauci a Bakori. Ba shi da surutu irin na masu aski. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne, in ya kuskura ya yanki mutum, ko da 'yar tsaga ce da ba ta kai ga jini ba, to ba zai karɓi kuɗin askin ba ko za a yini ana roƙonsa. Yakan ce gyara mutum ya zo saye, ba rauni ba.

A shekarun nan Funtua ta cika ta batse. Aikin gona na gwamnati ya kawo ma'aikata da motoci, aka buɗe masaƙa, samari suka fara ɗaukar albashi. Wani Bayarabe haifaffen garin, Tunde, ya buɗe shagon aski mai kilifar lantarki da fanka da kaset, samarin nan duk suka koma can. Aka bar wa Sada dattawa, masu zuwa a yi musu ƙwal kwabo su biya rabi da kuɗi rabi da addu'a. Ya yi ƙoƙari ya sayi 'yar talabijin baƙi-da-fari ya ɗora a kan kanta, amma a lokacin tashar talabijin ba ta buɗewa sai la'asar sakaliya, sa'ad da masu aski suka watse. Yini guda tana nan lulluɓe da ƙyalle kamar akushin tuwo.

Wata rana aka kira shi askin suna a gidan wani babban ma'aikacin aikin gona. Yana cikin aske jariri a baranda ya riƙa jin dariya da gardama daga falo. Da ya gama ya leƙa. Manyan mutane ne da manyan riguna, sun durƙusa gaban talabijin da rana tsaka. An jona mata wani ɗan baƙin akwati mai hannuwa biyu, kowanne da doguwar waya da abin murɗawa. A fuskar talabijin wani farin ɗigo yana kai da komo tsakanin sanduna biyu, mutum ya murɗa sandarsa ta tare shi, in ya kuskure abokin wasansa ya ci. An kawo abinci har ya huce ba wanda ya dube shi. Sada ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, ba abin da ke ransa sai bencin shagonsa da ba kowa a kai.

Kanti ɗaya ke sayar da irin wannan akwati a Funtua, na Alhaji Maiwada, babban ɗan kasuwar kayan lantarki, mai rediyoyi da fankoki da dutsen guga jere har rufi. Sada kuwa ba baƙo ba ne wurinsa. Shekara da shekaru duk Juma'a da hantsi shi ke zuwa har gida ya gyara wa Alhaji gemu da saje.

Kuɗin audugar bana kaɗai ba za su isa ba, sai an haɗa da bijimin da suke kiwo a bayan gida, wanda Ladidi ce ke fama da dusarsa da harawarsa. Da ya gaya mata, ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, bijimi guda a kan abin wasa?"

"Ba wasa zan saya ba," in ji shi. "Mutane zan saya. Wanda ya zauna jiran layin wasa, kansa yana hannuna."

Ba ta yarda ba, amma ba ta hana ba. Aka kai bijimi kasuwar Bakori.

Ranar saye Alhaji da kansa ya sauko daga kujerarsa, abin da ba ya yi wa kowa, ya dafa kafaɗar Sada. Aka jona akwatin a talabijin ɗin kanti, ɗigo ya fito yana tsalle. Alhaji ya zaro wata takarda mai kauri daga kwalin ya miƙa masa.

"Sabo fil ne, Wanzam, ko wata bai yi da sauka daga jirgi ba. Ga garanti, shekara guda cur. Ko tari ya yi, ɗauko mini shi."

Abin ya yi yadda Sada ya ƙiyasta, har ya zarce. Ma'aikatan masaƙa da suka tashi aiki suka riƙa cika benci, wasu a tsaye a bakin ƙofa. Dokarsa ɗaya ce, sai wanda aka yi wa aski zai taɓa hannun akwati. Akwai saurayin da aka aske sau biyu cikin mako guda. Ladidi ta fara dariya in an ambaci bijimi.

Ko wata biyu ba a cika ba, ranar wata Asabar shago cike, hoton ya fara rawa, aka ji ƙauri kamar na roba, ɗigo ya ɓace. Aka kashe aka kunna, aka hura, aka girgiza. Shiru.

Kusa da shagon Sada akwai mai gyaran rediyo, Marcellinus, Inyamuri haifaffen Funtua wanda ya tafi gida lokacin yaƙi ya dawo da aka gama. Sada ya kai masa. Marcellinus ya juya akwatin, ya nuna masa wata 'yar jar takarda da aka liƙa a kan noti.

"Malam Sada, in na yage wannan, garantinka ya mutu. Ba zan taɓa ba. Kawo takardar garantin in karanta maka."

Ya karanta masa ya fassara, tunda Sada ajami kaɗai ya iya. Takarda ta ce in abu ya lalace cikin shekara ba da laifin mai shi ba, a gyara ko a canja, ba ko kwabo. Sada ya ji sanyi a ransa, ya mayar da akwati cikin kwalinsa ya nufi kanti.

Alhaji ya karɓe shi da fara'a, ya ce a ajiye, motar Kaduna za ta tafi da shi kamfani. Sada ya koma bayan mako guda aka ce mota ba ta tafi ba. Ya sake komawa aka ce ta tafi ba ta dawo ba. Ya sake komawa aka ce Alhaji yana Kano. Samari kuwa sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa wurin Tunde. Rannan ya shiga kantin da azahar ba zato, ya tarar da akawun Alhaji ya ɗora kwanon shinkafa da wake a kan wani kwali yana ci. Kwalin akwatin Sada ne. Manja har ya yi masa tabo. Ko ƙofar kantin bai taɓa fita ba.

Ya zauna a bakin kanti har Alhaji ya zo.

"Alhaji, an ce akwatina yana Kaduna. Ga shi nan ana cin abinci a kansa."

Alhaji bai ko ji kunya ba. Ya zauna, ya gyara riga, ya ce, "Kamfani sun ce wuta ce ta ƙona shi. Garanti bai shafi wuta ba."

"Kamfanin sun gan shi?"

"Ba sai sun gani ba, sun san kayansu."

"Talabijin ɗina a soket ɗaya suke da shi, ita ba ta ƙone ba."

Nan Alhaji ya canja fuska. Kanti cike da masu saye, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Kai ma dai, Sada, me ya haɗa wanzami da abin 'ya'yan manya? An yi shi don yara biyu su taɓa a falo, ka kai shi tasha kowane mai hannun giris ya murɗa. Ka ga allon can?" Ya nuna wani allo a bango. "Kayan da suka fita ba sa dawowa."

"Allon yana nan ranar da ka ce ko tari ya yi in ɗauko maka shi," in ji Sada. "Kuma ka san inda zan kai shi, na gaya maka da bakina."

"To ka ɗauko, na gani. Allah ya kiyaye gaba."

Aka yi dariya a kantin. Ba hasarar ce ta fi ci wa Sada rai ba, dariyar nan ce, da yadda mutumin da ya ci kuɗin bijiminsa ya mayar da sana'ar ubansa abin gori. Ya ɗauki kwalinsa ya fita.

Juma'ar da ta biyo baya ya je gidan Alhaji da hantsi kamar kullum. Alhaji ya yi mamakin ganinsa, amma ya zauna a kan buzu. Sada ya jiƙa gemu, ya wasa aska, ya ɗora ta a maƙogwaro. Alhaji, wanda ya saba cika zaure da hira, ya yi tsit, idonsa na bin hannun. Sada ya gama tsaf, ko ƙwarzane babu, ya goge askar ya mayar zabira.

"Na ƙarshe ke nan, Alhaji. Ka nemi wani wanzamin."

Alhaji ya miƙo kuɗi, Sada ya bar hannun a miƙe ya fita.

Ranar Litinin ya rufe shago ya hau motar asuba zuwa Kaduna, kwali a kan cinya. Da tambaya ya gano ofishin kamfanin da ke shigo da akwatunan. Masinja ya ajiye shi a benci tun hantsi har bayan azahar, masu kwat suna wuce shi suna shiga. Da aka ga ba shi da niyyar tashi aka kai shi gaban wani manaja. Manajan ya juya takardar garanti sau ɗaya ya turo masa ita.

"Babu hatimin dila, babu kwanan wata. A wurinmu wannan ba a sayar da shi ba tukuna. Ka koma wanda ya sayar maka ya buga hatimi, shi zai aiko mana. Mu ba ma hulɗa da ɗaiɗaikun mutane."

"Ranka ya daɗe, ga akwatin nan a gabanka, sunanku ne a jikinsa. Ko buɗewa ba za a yi ba?"

Manajan ya riga ya ɗauki wayar tarho.

Da ya dawo Funtua ya nemi hatimi, Alhaji ya ce yana wurin ɗansa, ɗan kuwa yana Legas. Ɗan ya dawo, aka ce hatimi ya ɓace. Damina ta sauka, Sada ya tafi Ƙarfi ya yi shuka, ya dawo, ya sake tafiya noma, duk zuwa sai ya biya kanti a ba shi sabon zance. Sai da kaka ta yi Marcellinus ya ankarar da shi.

"Shekara Alhaji yake jira ta cika. Ranar da ta cika, takardar nan ko ƙunshin ƙosai ba za ta yi ba."

Lokacin kuwa an buɗe kasuwar auduga. Manoma daga Bakori da Ƙarfi da ƙauyukan Malumfashi suna shigowa Funtua aljihu cike, kuma abin da manomi ke fara nema shi ne rediyo mai kaset. Cinikin shekara na Alhaji ke nan. Ranar kasuwa Sada ya ɗauko tsohuwar tabarmarsa ya shimfiɗa a gindin wata bishiya daura da kantin, tsallaken titi. Ya kifa kwali ya ɗora akwatin a kai, ya danne takardar garanti da dutse, ya buɗe zabira ya ci gaba da aski.

Bai zagi kowa ba, bai kira kowa ba. Amma ba Bahaushen da zai ga baƙon abu a kan kwali bai tambaya ba. Wanda duk ya tambaya, Sada ya ba shi labari daga bijimi har hatimi, ba ƙari ba ragi, sannan ya ce, "In za ka shiga, ka ce a buga hatimi da kwanan wata kafin kuɗi su bar hannunka." Wasu suka shiga suka nemi hatimi, wasu suka juya suka ce sai sun je Zariya.

Ranar kasuwa ta gaba wani manomi ya zo da rediyon da ya saya bara, ta yi sati uku ta mutu, ya ajiye kusa da akwatin. Wani tela ya kawo dutsen guga. Aka kawo fanka, aka kawo agogon bango. Ashe mutane da yawa sun haɗiye irin wannan, kowa yana zaton shi kaɗai ne, ko kuwa laifin hannunsa ne. Tulin matattun kaya ya taru a gindin bishiya, kowa ya fito kanti sai ya yi ido biyu da shi.

Alhaji ya turo dattawa su ba Sada baki. Suka ce ya yi haƙuri, ya bar wa Allah, Alhaji babban mutum ne, ba a yi masa haka. Sada ya ce, "Na ji. Wa aka tura wurinsa ya ce masa ba a yi wa ƙaramin mutum haka?" Suka tashi suka tafi. Aka turo ɗan sanda, ya duba ya ga ba a tare hanya ba, ba a taɓa kowa ba, ya tafi.

Sai Alhaji ya bi ta inda ya fi ciwo. Mai shagon da Sada ke haya surukin Alhaji ne. Aka aiko wa Sada cewa ana bukatar shago ƙarshen wata, za a sa kaya. Shagon da ya shekara takwas a ciki, wanda shi ya yi masa daɓe, shi ya sa masa ƙofa. Ya kwashe kujera da madubi da talabijin ya kai gida a kura. Yana sauke su a tsakar gida bai iya haɗa ido da Ladidi ba.

"Ke kika faɗa tun farko," in ji shi.

"Na faɗa a kan bijimi," in ji ta. "Wannan kuma wata magana ce. Malam, in ka naɗe tabarmar nan daga gaban kantinsa ban yafe ba. Zan soya waina in sayar, ba za mu kwana da yunwa ba."

Ta kuwa soya.

Ana haka, wata ranar kasuwa wata mata ta sauko daga motar haya za ta shiga kantin, sai ta tsaya ta tsallako titi. Malama Nwamaka ce, malamar firamare, matar wani ma'aikacin banki. A Funtua ta tashi, Hausa a bakinta kamar ta gado. Ta durƙusa ta ɗauki hannuwan akwatin ta juya su. A bayan ɗaya akwai ɗan jan ɗigo, wanda Sada ya ɗauka daga kamfani yake.

"Malam, a ina ka sami wannan?"

Ya nuna kantin da aska.

"Na yarana ne," in ji ta. "Ni na ɗiga jan farcen nan, don Adaku da ƙanenta su daina faɗa a kan hannu. Da Kirsimetin bara muka saya. Kwana kaɗan ya fara ɗaukewa in ya yi zafi, yana ƙauri. Na dawo da shi, ko zama ban yi ba Alhaji ya ba ni wani sabo, har da ban haƙuri."

Sada ya ajiye askar, ga kan mutum rabi a aske. Duk watannin nan yana zaton rowa ce kawai ta hana Alhaji cika alkawari. Ashe ranar da ya sauko daga kujera ya dafa masa kafaɗa, ya san abin da ke cikin kwalin. Ya duba cikin masu sayensa ya zaɓi wanda ba ya karanta boko, wanda ba shi da kowa a banki, wanda ke durƙusa masa duk Juma'a, ya ce wannan ne zai ɗauki mushen.

"Malama, za ki iya faɗin wannan a gaban alƙali?"

Ta ajiye hannuwan a kan kwali. "Maigidana ba zai so ba, Alhaji yana ajiya a wurinsu." Ta sake duban jan ɗigon. "Ka kai ƙara. Zan zo."

Aka yi sammaci. Ranar shari'a kotu ta cika da manoma da direbobi. Sada ya faɗi nasa. Alhaji ya ce shi sabo ya sayar, wuta ta ƙona, kuma ga allo a kantinsa kowa na gani. Malama Nwamaka ta tashi ta faɗi abin da ta sani, ta nuna ɗigon. Alhaji ya yi wuf ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mace ce, kuma ba Musulma ba ce. Ban yarda da shaidarta ba."

Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce, "To, mu ajiye maganarta a gefe. Kai Musulmi ne, kuma namiji. Ga Alƙur'ani can. Yi alwala ka rantse cewa akwatin nan bai taɓa fita kantinka ya dawo ba kafin ka sayar wa Sada."

Alhaji ya dubi ƙasa, ya gyara hula, ya ce shi bai saba rantsuwa a kan abin duniya ba.

Alƙali ya ce allon bango ba ya halatta ɓoye aibi. Wanda ya sayar da abu yana sane da aibinsa ya ɓoye, mai saye yana da haƙƙin mayarwa, da takarda ko ba takarda. Ya yanke cewa Alhaji ya karɓi akwatinsa ya mayar da kuɗi.

Sada ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shagona fa? Da zirga-zirgar shekara guda?"

Alƙali ya ce ba wannan aka kawo gabansa ba.

Alhaji ya biya. Amma a tsakanin saye da biya gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, an taƙaita shigo da kaya, komai ya yi tashin gwauron zabi. Kuɗin da suka ci bijimi da audugar shekara, yanzu da ƙyar suka sayi ɗan maraƙi. Masu rediyo da fanka da dutsen guga kuwa, biyu ne kaɗai suka yi ƙarfin halin kai ƙara, sauran suka kwashe kayansu suka koma ƙauye. Mutane suna taya Sada murna ya ci shari'a, shi kuwa yana gindin darbejiyar tasha inda ya fara shekara goma da suka wuce, Alhaji na nan a kujerarsa, har ya fara ɗora bene a kan kantin.

Ba a jima ba wani direba da ya zo aski ya ce ya ga akwati irin nasa a reshen kantin Alhaji na Malumfashi, cikin sabon kwali. Sada ya gama masa askin, ya naɗe tabarma, ya hau motar Malumfashi. Ya tarar an sayar. Ya bi masu dako da tambaya har aka kwatanta masa mai sayen, wani Malam Hussaini, Bafillacen da ya zauna ya zama manomi a bayan gari, wanda ya sayar da saniya ya sayo wa iyalinsa talabijin mai batir aka haɗa masa da akwatin a matsayin rangwame. Sada ya same shi a gida, ya yi sallama, ya roƙi a nuna masa hannuwan. An kankare jan farcen, amma gurbinsa na nan.

Suka dawo kantin tare. Mai kula da reshen ya ɗaga kai ya ga wanda ke tsaye bayan Malam Hussaini, bai ko tambayi abin da ya kawo su ba ya jawo aljihun tebur ya ƙirgo kuɗin akwatin. Da aka sallami Malam Hussaini, mai kula da reshen ya miƙa hannu zai ɗauke akwatin, Sada ya dafe shi. Ya zaro askarsa mafi kyau, wadda ya gada, ya kifa akwatin ya karce bayansa da ajami, manyan baƙaƙe masu zurfi: matacce. Bakin askar ya dakushe, ba ta ƙara aski ba.

Daga nan sunan Sada Garanti ya bi shi. Manomi in ya sayar da amfanin gona zai sayi rediyo ko keke ko injin ban ruwa, sai ya biya ta tasha ya ce Sada ya raka shi. Yakan bar tabarmarsa ya bi mutum, ya sa a kunna abu a bar shi ya yi zafi, ya juya shi ciki da bai, ya tsaya har a buga hatimi. Bai taɓa karɓar ko goro a kan wannan ba. Masu kantuna ba sa son ganinsa, wasu har sukan ce kaya sun ƙare in sun hango shi.

Sai wajen shekarar da aka ba Katsina jiha ya sake samun shago, ƙarami, a bayan kasuwa, da kuɗin wainar Ladidi a ciki. Lokacin idonsa ya fara rauni, ya bar gyaran fuska ya koma askin jarirai da na tsofaffi. Ya yi sauran zamansa a Funtua, kuma in hanya ta biyo da shi ta gaban benen Alhaji Maiwada, yakan tsallaka ɗaya gefen titin ya wuce.